Alkawarin Yayana a Kan Gwiwata

Kurkunu ne ya kayar da ni. Ina so a fara sanin wannan, don har yanzu akwai tsofaffi a ƙasar Bagudo masu cewa wai wani ɗan Dandawa ne ya karya mini ƙafa a filin kokawa. Ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya suke yi. Tsutsa ce fara, siririya kamar zaren ɗinki, ta ɓullo mini a gefen gwiwar hagu da daminar da ta gabaci shekarar mulkin kai. A lokacin ba mu san a ruwan tafki muke shan ta ba. Aka riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kamar yadda aka saba, sai ranar nan ta tsinke a ciki. Gwiwa ta kumbura ta yi ruwa, na kwanta har aka girbe gero ban leƙa gona ba. Da kumburin ya saɓe, ƙafar ta ƙi miƙewa. Ta lanƙwashe ta tsaya a haka.

Kafin wannan ni ne kan gaba a 'yan kokawar ƙauyenmu. Duk kaka, idan amfani ya shiga rumbu, akwai kokawa tsakaninmu da Dandawan wani gari da ke bayan iyaka, cikin Dahome, wadda muke kira ƙasar Faranshi. Bana mu ƙetare kogin Kwara mu je musu, baɗi su zo mana. Suna da wani gajere mai faɗin ƙirji, wuyansa kamar turmi. A karonmu na ƙarshe mun riƙe juna har rana ta faɗi, aka raba mu canjaras. Tun daga ranar ba ni da wani buri a duniya sai in ga bayan gajeren nan a ƙasa. Da kaka ta zagayo Dandawa suka zo mana, ina kwance a ɗaki ina jin ganga daga dandali, na ja zane na toshe kunnuwana.

Rani ya same ni a zaure da sanda. Garin taba a baki tun safe, goro a kai a kai, tuwo kuwa sai matata ta yi ta lallashi. Duk wanda ya ce mini sannu sai in ji kamar ya zage ni. Cinyar hagu ta tsotse, ta dama ma ta fara bin ta. Yaran da nake ɗagawa da hannu ɗaya su ne suka koma miƙo mini buta.

Yayana shi ne babban gidanmu tun rasuwar babanmu. Mutum ne marar yawan magana, noma da damina, kamun kifi da rani. A hannunsa ɗamarar gidanmu take. Wannan ɗamara ta fata ce, an jera mata layu, kakanmu ya yi kokawa da ita, babanmu ya yi, ni ma na yi. A wajenmu ɗan kokawa ba ya shiga fili da sunan gari sai babban gidansu ya ɗaura masa ɗamarar gidan da hannunsa, a gaban uban 'yan kokawa. Ba a aro, ba ka ɗaura wa kanka. Idan babban gidanku bai ɗaura ba, ko kai ne ƙarfin duniya ɗan kallo ne.

Da bazara, ana tsakiyar zafi, ya shigo zaure da ɗamarar nan ya ajiye mini ita a kan cinya.

"Ka san wagga?" in ji shi.

"Na san ta, Yaya."

"In ka miƙe ƙahwar nan kahin kaka, ni da hannuna zan ɗaura maka ita gaban gajeren nan."

Na dube shi, na dubi ƙafar. Na ce, "Da wagga ƙahwa?"

"Da ita. Amma duk abin da na ce shi za ka yi, babu gardama."

Na ce ya rantse. Ya ce, "Na taɓa yi maka ƙarya?" Bai taɓa ba. Ya ɗauke ɗamarar ya mayar ɗakinsa, ya dawo ya miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa za mu yi. Ashe battar tabata yake nufi. Na ba shi, ya fita da ita, ban sake ganin ta ba.

Washegari da aka sallame asuba ya goya ni a jaki zuwa bakin Kwara. Ya shafe gwiwar da man kaɗe, ya jira rana ta gasa yashi, ya binne ƙafar a ciki. Da ta ɗauki zafi sai ya zauna mini a kan cinya ya kama ƙwaurin yana ja. Wallahi na ga taurari da rana tsaka. Na zage shi, na zagi kurkunu, na zagi jakin da ya kawo ni. Sai da na gama ya miƙo mini guntun kara ya ce gobe in ciza wannan, don mata masu wanki suna ji.

Haka muka yi ta yi. Bayan ja sai ya shigar da ni ruwa iya ƙugu, in yi ta takawa ina fuskantar inda ruwa ke gangarowa, shi yana riƙe da ni ta baya. A cikin ruwa ƙafar ba ta da nauyi, nan na fara tuna yadda ake tafiya. Da na fito tudu sai ta koma gidan jiya, in ji kamar in yi kuka. Ƙishin taba ya hana ni sakat, bakina ya yi ɗaci, na yi faɗa da matata a kan gishirin miya. Ya rage mini goro zuwa ɓari guda bayan azahar. Ya sa aka riƙa dafa mini kifi da wake, da fura mai kauri da safe, kuma sai na cinye yana tsaye. Ya ce in raba shimfiɗa da matata har bayan kokawa, kamar yadda 'yan kokawa ke yi, na raba. Ita kuwa ta ɗauki tabarmarta ta koma ɗakin Inna, mahaifiyarmu.

Kada wani ya ce yayana ne ya yi aikin. Shi ya ja ƙafar, na yarda. Amma da damina ta sauka ya koma gona, ni kaɗai nake dogara sanda zuwa kogi. Akwai safiyar da ruwa ke tsugawa, ɗaki da ɗumi, gwiwa na zogi, babu mai ganina, babu wanda zai san ban je ba. Sai in kwanta in ce yau dai an huta. Sai fuskar gajeren nan ta zo mini, yadda ya yi murmushi da aka raba mu, in ga ina laluben sanda. Ban taɓa fashi ba ko ranar kasuwa, ko ranar da zazzaɓi ya kama ni. Ranar da diddigena ya taɓa ƙasa sosai, tafin ƙafar duka ya zauna a kan yashi, na tsaya ina kallonsa kamar ba nawa ba. Na cilla sandar cikin Kwara, na dawo gida ina ɗingishi ina dariya ni kaɗai.

Daga nan sai gudu a cikin yashi, sai ɗaukar buhun yashi a kafaɗa ina hawa gangare ina sauka, sai jan jirgin yayana da igiya a bakin ruwa. Na koma gona na yi noma na biyu tare da kowa. Cinyar ta fara cikowa. Makaɗin 'yan kokawarmu, wani tsoho mai barkwanci, ya riƙa biyowa ta bakin kogi da gangarsa yana kaɗa mini takena. Da na ji taken nan sai gajiya ta gudu, in ƙara zagaye. Yakan ce, "Ka ji tausayin Dandawa, yaro, su ma 'ya'yan mutane ne." Ni kuwa in yi ta washe baki.

Akwai abubuwan da na gani ban fahimta ba. Idan na nemi wani saurayi mu gwada riƙo a dandali, sai ya ce cikinsa na ciwo, ko babansa na kiransa. Na ɗauka tsorona suke ji, har ina yi musu ba'a. Yayana kaɗai ke riƙe ni, shi ma daga ƙugu zuwa sama, bai taɓa kai mini taɗiya ba. Na ce masa ya gwada ƙafar, ya ce in ajiye ta sai ranar. Maɗorin ƙauyenmu ya zo ya lallatsa gwiwar, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, suka fita da yayana suna magana ƙasa-ƙasa. Inna ta daina yi mini faɗan kokawa, ita da tun ina yaro ba ta son ta. Duk na ɗauka alamun nasara ne.

Cikin haka aka ce Turawa sun miƙa mulki. Aka yi kaɗe-kaɗe a Bagudo, 'yan makaranta na yawo da tuta. Mutanen Dahome ma an ce nasu Turawan sun sakar musu tun da damina. Ni ko leƙawa ban yi ba, ina bakin kogi da buhuna. Nawa bikin yana bayan iyaka.

Da aka gama girbi muka tashi. Muka ƙetare Kwara a jirgi, muka kama hanya a ƙasa, muka kwana a gidan wasu dangi, muka ci gaba. Yayana ya zo da jaki wai ko ƙafar za ta gaza. Ban hau ba. Ni ne a gaba, samari na haki a bayana. Jakar fatarsa na rataye a kafaɗarsa, duk inda na waiwaya sai idona ya sauka a kanta.

Dandawa sun tarbe mu da fura da kifi. Bayan la'asar aka kewaye fili, ganguna suka ɗauka, nasu da namu. Na hango gajeren a ɗaya gefen, ya ƙara ƙiba, ana shafa masa mai. Zuciyata ta buga, amma daɗi nake ji. Uban 'yan kokawarmu ya zauna a kan buzunsa, samari suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da babban gidansu, ana ɗaura musu. Na tuɓe riga, na gyara warki, na je na durƙusa na ɗaga hannuwa sama kamar yadda ake yi. Na jira in ji fata a ƙuguna. Shiru. Na waiwaya, yayana na tsaye, jakar na rufe.

Na ce, "Yaya, ɗamara."

Ya ce, "Ban zo da ita ba."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne, duk da ban taɓa ganin ya yi wasa ba. Na fizgo jakar na zazzage. Busasshen kifi, goro, ƙwaryar man kaɗe, shi ke nan.

"Ka manta?"

"Ban manta ba. Ba ka shiga."

Na juya wajen uban 'yan kokawa na ce, "Baba, ka ji abin da yake hwaɗi?" Tsohon bai ko ɗago ba. Ya ce, "Yaro, ai tun bazara anka gama wagga magana. Maɗori ya ce in anka murɗe gwiwar nan sau guda, ba ta sake ɗoruwa. Innarku ta sa yayanka ya yi mata alkawari."

Tun bazara. Wato kafin ya shigo zaure ya ajiye mini ɗamarar a cinya. Na dubi samarin da suka riƙa ƙin riƙe ni, kowa ya sunkuyar da kai. Na dubi makaɗi, ya juya yana gyaran tsarkiyar gangarsa. Nan na gane babu wanda bai sani ba sai ni. Duk gudun da na yi, duk karan da na ciza, gari guda na tsaye yana kallo, ya san inda abin zai ƙare.

Na ce, "To don mi ka kawo ni nan?"

Ya ce, "Don ka ga da ƙahwarka ka zo."

Na ce wani ya ba ni aron tasa. Na san ba a yi, amma na roƙa. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba na bi su ɗaya-ɗaya ina cewa don Allah. Babu wanda ya motsa.

Ana cikin haka gajeren ya fito. A kokawa mai neman karo yakan zagaya fili ya tsaya gaban wanda yake so, ya miƙa masa hannu biyu. Ya wuce samarinmu duka ya zo gabana ya miƙo. Shi ma ni yake jira, bai san komai ba. Na ɗaga hannu zan karɓa, sai yayana ya shiga tsakaninmu ya ce masa da Dandanci ba ni da lafiya. Gajeren ya dubi ƙuguna babu ɗamara, ya dubi tabon gwiwar, ya dafa kafaɗata ya ce sannu da Hausarsa ta baƙi. Da ya kayar da ni gaban jama'ar nan sau goma da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki rigata na fita daga fili, ban ga kokawar kowa ba.

Ban jira su ba. Da gari ya waye na kamo hanya ni kaɗai, ban tsaya gidan dangi ba sai don shan ruwa. Ƙafar ko zogi ba ta yi ba, wannan ma ya ƙara ƙona mini rai.

Na isa gida matata na daka. Ta ga fuskata ta ajiye taɓarya.

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Na sani."

"Kina ganina ina hita cikin ruwan sama, kin sani?"

Ta ce, "Da mun hwaɗa maka, da har yanzu kana zaure da sanda."

Inna ta fito ta ce in ina da fushi in sauke a kanta, ita ta sa. Ta ce ta fi son ɗa mai fushi da ƙafa biyu. Uwa ce, ba a sauke mata fushi. Amma abin da ya tsaya mini a wuya har yau shi ne babu wanda ya tambaye ni. Ƙafata ce. Da sun zaunar da ni sun ce ga abin da maɗori ya ce, ƙila in ji tsoro in haƙura, ƙila in ce na ji na gani. Sun yanke mini hukunci kamar jaki, sannan suka rataya mini abin da na fi so a gaba suna kaɗa mini ganga.

Na daina zuwa kogi. Na sayi sabuwar battar taba na zauna a zaure inda yayana zai gan ni yana shiga yana fita. Ya gani, ya wuce abinsa. Kafin sanyi ya wuce gwiwar ta fara riƙewa, da safe sai na dafa bango. Wata asuba na ji diddigen ya fara ɗagewa daga ƙasa kamar da. Na zauna a bakin gado na yi tunani. Idan na bar ta ta lanƙwashe don in ƙona masa rai, ni zan ja ta har kabari, shi yana tafiyarsa garau. Na tashi na tafi bakin Kwara. Wannan karon ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba, don babu gajere a gabana, babu take, babu ranar da nake jira. Yashi ne kawai da ni. Haka na ci gaba, kuma har tsufana ban bari ba. Yayana ya taɓa biyo ni da ƙwaryar man kaɗe, na ce ya koma, ya koma.

Kokawar da Dandawa ta mutu bayan 'yan shekaru, da aka fara tsananta tsaro a kan iyaka. Gajeren na ji labarin ya koma fataucin gishiri, ban sake ganin sa ba. Ni da yayana muka ci gaba da zama gida ɗaya, muna cin tuwo akushi ɗaya, muna noma gona ɗaya. Mutane na cewa ba su taɓa ganin 'yan'uwa masu zaman lafiya kamarmu ba. Amma tun daga ranar, duk abin da ya faɗa mini sai na tambayi wani.

Da ya tsufa ciwo ya kwantar da shi, ni nake ɗaga shi in kai shi rana. Wata hantsi ya ce in yafe masa duk abin da ya taɓa yi mini. Na ce na yafe, haka ake cewa. Sai na ji ba zan iya barin sa ya tafi da abin ba. Na ce, "Yaya, kai ka riƙe ni damina guda, kai kaɗai ka san ƙarhin da ke jikina a lokacin. Da ka ɗaura mini, da ya karya ni?"

Ina so ya ce i. Da ya ce i, da na samu abin da zan riƙe, in ce ya cece ni.

Ya ce, "Ban sani ba. Maɗori tun bazara ya yi maganarsa, ƙahwar na lanƙwashe. Da ya sake dubawa da damina ya ce ta yi ƙwarin da bai zata ba." Ya yi tari, ya share baki. "Na riga na yi wa Inna alkawari. Amma a ganina da ka kayar da shi."

Na gyara masa zane a kafaɗa, na ce rana ta fara zafi. Na ɗauke shi na mayar ɗaki, na fito na zauna a bayan rumbu har aka kira azahar.